Tambayoyinku: Annan, garin su Baturen da ke kwance a ƙasar Sakkwato

A fitowar da ta gabata, ina cikin amsa wata tambaya kan tafiye-tafiye, na ambaci cewa sau biyu ina zuwa wani ɗan ƙaramin gari a kudancin Sikotland mai suna Annan, mahaifar Hugh Clapperton, Baturen nan da ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har ajali ya riske shi a Sakkwato. Na kuma ce na ga hawan dawakinsu na shekara. Layi uku ne kacal, amma sai ga wasiƙu. Na zaɓi huɗu na ba su filin nan gaba ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar tarihi ce a wata sakandaren 'yan mata a Sakkwato. Duk shekara ina koyar da zuwan Clapperton, amma in ɗalibai suka tambaye ni daga ina ya fito, sai dai in ce daga Ingila. Don Allah wane irin gari ne garin nasu? Kuma mutanen can sun ma san da mu kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa karatun 'yan matan nan albarka. Gyara na farko, a daina ce musu Ingila. Mutumin Sikotland ne, kuma in kika kira ɗan Annan ɗan Ingila, nan take zai gyara miki, duk da cewa daga bakin ruwan garinsu ana hango duwatsun Ingila ƙuru-ƙuru a ƙetare. Garin yana gefen kogin Annan, daf da inda kogin ke zubawa cikin wani mashigin teku da ake kira Solway, wanda ya raba ƙasashen biyu ta yamma. Mutanensa ba su wuce 9,000 ba. Unguwa guda a cikin birnin Sakkwato ta fi shi jama'a.

Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne launin garin. Kusan duk tsofaffin gine-ginen babban titi da jan dutse aka yi su, wanda ake haƙowa nan kusa da su. Ranar da na fara sauka ana yayyafi, dutsen ya jiƙe ya koma ja mai duhu, kamar ganuwa bayan ruwan farko. Ginin majalisar gari na 1878 yana tsaye a ƙarshen titin da hasumiyarsa mai agogo, a jikinsa kuma akwai mutum-mutumin Sarki Robert Bruce. Wannan jan dutse har Amurka an kai shi a jiragen ruwa, da shi aka gina babban matattakalar majalisar jihar New York da ke Albany.

Asalin garin zaman kan iyaka ne, kuma wanda duk ya san tarihin garuruwan ribaɗi ya san abin da hakan ke nufi. A 1124 Sarkin Sikotland David na Ɗaya ya ba wani jarumi mai suna Robert de Brus kwarin kogin Annan, shi kuwa ya tara tudun ƙasa a bakin kogi ya kafa sansaninsa a kai. Tudun yana nan har yau, itatuwa sun rufe shi. Daga zuriyarsa aka sami Robert Bruce da ya hau sarautar Sikotland a 1306. A watan Disamba na 1332 aka yi wa Edward Balliol, wanda Ingila ke mara wa baya a neman sarauta, dirar mikiya da dare a Annan, ya tsere a kan doki zuwa Carlisle ko shiga bai gama yi ba. Bayan haka an shafe ɗaruruwan shekaru dangogin kan iyaka suna kai wa juna hari, a kore shanu, a ƙone gidaje, yau daga wannan ɓangare gobe daga wancan. Abin bai lafa ba sai bayan 1603, da sarki ɗaya ya haɗa gadon sarautar ƙasashen biyu. Kafin nan, a 1538, Sarki James na Biyar ya ba garin takardar sarauta mai tabbatar masa da 'yancin kasuwa da filaye da kamun kifi. Ki riƙe wannan takarda a ranki, za mu sake cin karo da ita.

A nan aka haifi Clapperton a watan Mayun 1788. Mahaifinsa likitan fiɗa ne mai tarin 'ya'ya, don haka yaron bai daɗe a gida ba. Yana ɗan shekara 13 ya shiga jirgin ruwan fatake mai zirga-zirga tsakanin Liverpool da Amurka ta Arewa, daga baya ya zama sojan ruwa, ya yi aiki a tekun Indiya da manyan tabkunan Kanada. A 1822 ya taso daga Tarabulus tare da Dixon Denham da Likita Walter Oudney, suka ratsa Sahara, suka iso Kukawa wurin Shehu Laminu a farkon 1823. Oudney ya rasu a hanya kusa da Katagum. Clapperton, wanda aka sani a ƙasar nan da sunan Abdullahi, ya shiga Kano a Janairun 1824.

Ga ɗan abin da 'yan matanki za su ji daɗinsa. Ya rubuta cewa ya caɓa ado da kayan sojan ruwa don ya shiga Kano da kwarjini, amma babu wanda ya ko ɗaga kai ya dube shi, kowa na harkar gabansa. Ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000. Ya yaba tsarin kasuwa, har ya sayi laima koriya ƙirar Ingila a cikinta, wadda ta riga shi ratso hamada. Ki duba, garin da ya baro bai kai ko kusa da wannan ba a lokacin.

A watan Maris ya iso Sakkwato, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi. Sarkin Musulmi Bello ya yi masa tambayoyi kan rabe-raben ɗariƙun Kiristanci waɗanda shi kansa baƙon ya sha wuyar amsawa. Sun yi maganar kasuwanci da hana fataucin bayi ta teku, Bello ya nemi a aiko masa da jakada da likita, ya kuma ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Birtaniya George na Huɗu. A zuwansa na biyu ta Badagry ya biyo, ya ratsa ƙasar Yarabawa da Bussa da Zariya da Kano, ya dawo Sakkwato a 1826. Cikin kyaututtukan da ya kawo har da littafin lissafi na Iƙilidis da Larabci, Bello kuwa ya shaida masa cewa gidansu suna da kwafinsa, gobara ce ta cinye. Amma wannan karon ya tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Borno, ga shi ɗauke da wasiƙa da kaya zuwa ga Shehu Laminu. Ba a bar shi ya wuce ba. Ciwo ya kwantar da shi, ya rasu ranar 13 ga Afrilu 1827 yana da shekara 38. Mai yi masa hidima, Richard Lander, ne ya binne shi a wani ƙauye da ke wajen gari.

Ni a ganina kada ki koyar da shi a matsayin gwarzo, kada kuma ki mai da shi shaiɗan. Mutum ne mai juriya, mai rubuta abin da idonsa ya gani, kuma abin da ya rubuta yana cikin shaidun da muke da su a kan Kano da Sakkwato na wancan zamani. Amma gwamnatin da ta aiko shi hanyar ciniki take nema da bakin kogin Kwara. Lander ɗin nan ne da ƙanensa suka bi kogin har teku a 1830, kuma shekara 79 bayan gaisuwar farko da Bello, a Maris na 1903, sojojin Birtaniya suka ci Sakkwato. Ɗalibanki sun isa su riƙe abubuwan biyu tare.

Sun san da mu? Kaɗan ne suka sani. A kan tsohuwar gadar garin na tsaya da wani dattijo mai yawo da karensa, ya tambaye ni daga ina. Da na ce daga ƙasar da Clapperton ya rasu, sai ya tsaya cak, ya ce Sokoto, da irin lafazinsu. Ya san sunan tun yana makaranta, bai taɓa ganin wanda ya taka wurin ba. Ya tambaye ni ko akwai kogi a can, na ce akwai Rima. Ya jinjina kai ya ce to, ai bai mutu nesa da ruwa ba. Matasan da na yi hira da su kuwa sunan kawai suka taɓa ji. Ita gadar da muka tsaya a kai, wani injiniya mai suna Robert Stevenson ne ya tsara ta, kuma an gina ta ne a shekarun da Clapperton ke kai-komo a ƙasar Hausa. Bai taɓa taka ta a kammale ba.

Ƙari ɗaya, tunda ke malama ce. A makarantar sakandaren Annan wani marubuci mai suna Thomas Carlyle ya yi karatu, ya kuma dawo ya koyar da lissafi a 1814. Shi ne a 1840 ya tsaya gaban taro a Landan ya ƙaryata masu cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maƙaryaci ne, a zamanin da faɗin haka ba ƙaramin abu ba ne a Turai. Musulmi da yawa suna kafa hujja da wannan. Sai dai a san shi duka: a cikin laccar nan ɗin ya yi wa Alƙur'ani, wanda fassararsa kawai ya karanta, maganar da ba ta dace ba, kuma a 1849 ya yi wani mummunan rubutu na raina baƙar fata.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Zariya. Na sami aiki a yankin Dumfries, kuma wata abokiyar aiki ta ce in duba gidan haya a Annan don ya fi sauƙi. Ina da yara biyu. Me ke akwai a garin, me babu? Ka faɗa mini gaskiya.

AMSA: 'Yata, Allah ya sa a shiga a sa'a. Gaskiyar kika nema, ita zan ba ki.

Na yau da kullum duk akwai. Akwai manyan kantunan cefane irin su Tesco da Aldi, da ƙananan shaguna a babban titi, da gidan waya, da kantunan magani, da ɗakin karatu na jama'a. Akwai makarantun firamare, da babbar sakandare guda, ita ce wadda na ambata a sama, kuma makarantar gwamnati kyauta ce. Akwai wurin koyon iyo, da filin wasanni na Everholm a bakin kogi inda yara za su yi gudu son ransu, har da ɗan gidan silima. Akwai ɗakunan ganin likita da ƙaramin asibiti, babban asibitin yankin kuma yana Dumfries, sabon gini da aka buɗe a 2017. Da zarar kin sauka ki yi wa kanki da yaran rajista wurin likitan unguwa, kada ki jira sai ciwo ya zo. A Sikotland tun 2011 ba a biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta, wanda ba haka abin yake a Ingila ba. Yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 22 mazauna ƙasar suna hawa bas kyauta in an yi musu kati.

Zirga-zirga ita ce babbar ribar garin. Tashar jirgin ƙasa tana cikin gari, tafiyar ƙafa ce daga babban titi. Dumfries na yamma, kilomita 25 ko kusa da haka, jirgi na kai ki cikin kamar kwata na awa. Carlisle, wanda suke furtawa Kalail, yana gabas a cikin Ingila, kamar minti 20. Gilasgo kuwa sai kin ba da awa biyu. Amma ki nemi jadawalin jirgi da na bas ki aza shi kusa da jadawalin dutinki kafin ki sa hannu a takardar haya. Jiragen wannan layi ba sa bin juna kusa-kusa, ranar Lahadi kuma sun fi ƙaranci. Mai fita dutin asuba ko mai tashi tsakar dare, in ba ta da mota, za ta sha wahala. Wannan shi ne abin da zai yanke miki hukunci, ba arahar haya ba.

Yanzu abin da za ki yi kewa. Ni Juma'a a Dumfries na yi ta, a cibiyar Musulunci da ke can, kuma akwai wata a Carlisle. Naman halal ma can za ki nema. Manja, daddawa, busasshiyar kuɓewa, garin tuwo, waɗannan sai kin yi shirin zuwa Gilasgo kin yo sayayyar wata guda. Karatun allo na yara zai koma wuyanki da na malamin da za ki samu ta waya. Za ki iya yin mako ba ki ji Hausa a bakin kowa ba sai 'ya'yanki. Mutanen garin masu gaisuwa ne, mai shago zai tambaye ki lafiyar yara in ya saba da ke, amma Turancinsu sai kin kasa kunne sosai, makonnin farko za ki yi ta cewa a maimaita. Ba laifin karatunki ba ne. 'Yan Landan ma haka suke fama.

Sai rana. Wannan ne ba wanda ya gaya mini kafin in je ƙasar. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk za su same ki a cikin duti ɗaya, don haka tun ranar farko ki nemi shugabarki ta nuna miki inda za ki riƙa yin salla. A watan Yuni kuma har kusan goma na dare da sauran haske, yara su ƙi barci. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin san hukumomin lafiya na can suna shawartar masu baƙar fata su riƙa shan sinadarin bitamin D duk shekara. Ki ɗauki shawarar da gaske. Ki sayi rigar ruwa mai kyau da takalmi mai hana jiƙa tun kafin rigar sanyi mai tsada, don yankin ruwan sama ya fi damunsa fiye da dusar ƙanƙara.

Ki kuma san halin da garin ke ciki, don za ki ji shi a bakin majinyatanki. Gari ne na ma'aikata wanda sana'o'i suka yi ta zuwa suna wucewa. A ƙarni na 19 ana ƙera manyan jiragen ruwa masu filafilai a bakin koginsa, ana kwasar masu ƙaura zuwa Kanada. Wannan ya wuce. A 1959 aka buɗe tashar lantarki ta nukiliya a Chapelcross, bayan gari kaɗan, ta ciyar da gidaje masu yawa, ta kuma samar da sinadaran makaman nukiliyar Birtaniya. Ta daina aiki a 2004, a Mayun 2007 aka rushe dogayen hasumiyoyinta huɗu cikin 'yan daƙiƙu, mutane na tsaye a gonaki suna kallo. A 2018 masana'antar sarrafa kifi ta rufe, ayyuka wajen 450 suka tafi, a garin da bai kai mutum 9,000 ba. Kamfanin Cochran mai ƙera tukwanen tururi, wanda ya kafu a Newbie tun ƙarshen ƙarni na 19, yana nan yana aiki. Matasa da yawa suna fita neman abin yi, tsofaffi suna zama. Abin da ya sa ake neman irinku ke nan.

Abu na ƙarshe: in gidan da aka nuna miki yana kusa da kogi, ki tambayi tarihin ambaliya. A Oktoban 2021 kogin ya cika har ya tafi da gadojin ƙafa biyu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Daga Damagaram nake rubutowa. Ka ce Turawan can suna hawan doki na shekara. Irin hawan sallarmu ne?

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Da kama, amma ba ɗaya ba ne. Namu gaisuwa ce ga sarki da nuna mubaya'a. Nasu zagayen iyaka ne. Filayen nan da takardar 1538 ta ba gari, a zamanin hare-hare in ba a fita an duba alamominsu ba, maƙwabci mai ƙarfi zai ci iyaka. Sai ya zama al'ada duk shekara a hau dawaki a kewaye su. Yau ba mai ƙwace musu fili, amma ba su bari ba.

Asabar ta farko a watan Yuli ake yi. Gari na zaɓen saurayi guda da budurwa guda su jagoranci hawan, a damƙa wa saurayin tutar gari da safe a gaban ginin majalisa, da sharaɗin ya dawo da ita ba tabo. Na tsaya a bakin titi da sassafe, ƙarar kofato a kan kwalta ta riga dawakin isowa. Ba jalala, ba lifidi, ba rawani. Dawakin nasu manya ne ƙwarai, a aske a goge, mahayan da baƙaƙen huluna masu tauri, kuma abin da zai ba ka mamaki, mata da 'yan mata sun yi yawa a cikinsu, har da yara ƙanana a kan gajerun dawaki. A wani wuri a kan iyakar akwai kafa a jikin shinge inda ake tura yaro ya ratsa, tunawa da zamanin da ake sa yaro leƙen mahara. Da rana motoci masu ado su yi jerin gwano. Da yamma ƙungiyoyin masu busa algaitar nan tasu mai jakar iska su haɗu wuri guda, sanye da bujen gargajiya mai ratsi-ratsi, su taho tare a babban titi da ganguna. A nan ne jikina ya ba ni irin abin da nake ji in an buga tambari. Na ga wata tsohuwa kusa da ni tana share hawaye, ɗanta ya zo daga Ostireliya musamman don ranar.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne a Gilasgo, ɗan Katsina. Ina son in je in wuni a Annan. Me zan gani a yini ɗaya?

AMSA: Ƙanena, ka ɗauki jirgin safe, ka tafi da abin sallarka da ɗan guzuri. Daga tasha ka gangara babban titi, ka leƙa gidan tarihin garin da ke Bank Street, ka wuce ginin majalisa zuwa gada, ka bi gefen kogi ka ga tudun gidan Bruce. Awa biyu sun ishe ka wannan.

In kana son tarihin yaƙi, ka shiga bas zuwa Eastriggs, gabas kaɗan. A yaƙin duniya na farko an kafa wata masana'antar albarushi a nan mai tsawon mil tara, wadda ma'aikatanta suka kai 30,000, dubbai daga cikinsu 'yan mata ne da ke cuɗa sinadarai masu guba da hannu. Akwai gidan tarihi a kanta. In kuma harkar kuɗi kake karantawa, ka nufi yamma zuwa ƙauyen Ruthwell, inda wani limamin coci, Henry Duncan, ya buɗe bankin ajiya na talakawa a 1810, a lokacin da manyan bankuna ba sa karɓar 'yan kuɗin leburori. In Asabar ce kuma ana kakar wasa, ka shiga filin Galabank ka kalli Annan Athletic. Ƙaramar ƙungiya ce da ta shiga gasar ƙasa a 2008, amma a Maris na 2013 ta je har Ibrox, filin babbar ƙungiyar Rangers da ke Gilasgo, ta doke ta da ci biyu da ɗaya. Ka ambaci wannan wasa ga kowane ɗan garin, ka yi aboki.

Amma in da rani ka je, abin da nake so ka gani yana bakin teku. Ka bi hanya kudu har inda ƙasa ta ƙare. Za ka ga wani dogon tudu ya miƙe cikin ruwa ya yanke. Ragowar gadar jirgin ƙasa ce da aka buɗe a 1869, mai tsawon fiye da mil ɗaya, wadda ta haɗa Sikotland da Ingila don jigilar tama. Manyan ƙanƙara da ruwa ya kwaso sun karya ta a 1881, aka gyara, aka rufe ta a 1921, aka kwashe ƙarafanta a shekarun 1930.

A wannan gaɓa na ga masunta masu wani irin kamun kifi da suke cewa sun gada daga mutanen Bikin, maharan teku na arewacin Turai, shekara dubu da suka wuce. Haaf suke kiransa. Wani dogon sanda ne da ya kai mita biyar, da ƙafafu uku, an ɗaura masa raga kamar babbar jaka. Mutum ya saɓa shi a kafaɗa ya taka yashi har cikin ruwa. Kafin su shiga sai sun yi ƙuri'a don a san wa zai tsaya a ina, sa'an nan su jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya kafa nasa yana fuskantar igiyar ruwa. Na ƙirga mutum biyar ranar. Ruwan ya kai musu ƙugu, ya kai ƙirji, na can ƙarshe ya fito ya zagayo ya koma farkon layi inda ba zurfi. Ba mai magana. Kowa ya riƙe ragar da yatsunsa yana jiran ya ji motsi. Wajen minti arba'in ina kallo kafin ɗaya ya yunƙura ya ɗaga sandan sama gaba ɗaya, sai ga kifin samon yana walƙiya a ciki, tsawon hannu. Ya dube shi, ya nuna wa na kusa da shi, ya saukar da ragar ya sake shi. Kifin ya ragu ƙwarai a kogunansu, kuma tun 2016 dokar kare shi ta taƙaita riƙe abin da aka kama. 'Yancin shiga ruwan kuwa yana cikin abin da takardar sarautar nan ta ba garin, har yau a kansa ake ba su izini. Dukansu biyar furfura ce a kansu.

Kai dai daga tudu za ka kalla. Kada ka ga yashi ya bushe fetal har Ingila ka ce za ka taka. Ruwan Solway in ya tashi dawowa ya fi mai gudu sauri, yana zagayowa ta bayan mutum ta cikin ƙoramu kafin ya ankara, kuma akwai wuraren da yashin ke haɗiye ƙafa. Ka duba lokacin cikar teku a wayarka kafin ka bar Gilasgo, ka kuma duba lokacin jirgin ƙarshe.